Ina neman taimako: yaya zan cire ganguna daga kiɗan da aka riga aka haɗe?

Auwalu Fagge:
Assalamu alaikum manya da abokan sana'a. Ina cikin wani hali, kuma kwana tara kawai ya rage min. Bara na yi wa wani mawaƙin biki kiɗa a situdiyona, fiyano da sarewa da bes da ganguna, na yi miksin na ba shi. Bayan wata biyu wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙona min kwamfuta, duk ayyukan da ke ciki suka tafi. Yanzu mawaƙin ya dawo. An kira shi bikin ɗan gidan mahauta, dangin ango sun ce kiɗan nan suke so, amma da mai kalangunsu na gida a tsaye yana kaɗawa a kai. Gangunan inji da ke ciki za su riƙa karo da shi, don haka so ake a cire su a bar sauran. Abin da ke hannuna MP3 ne guda ɗaya, wanda ni da kaina na fitar a 128 kbps, wato mai ƙarancin inganci, don ya yi sauƙin turawa a WhatsApp. Na gwada ikwalaiza, mai rage ko ƙara kauri da sirantar sauti, na yanke ƙasa, kik (babbar ganga mai nauyin sauti) ya ragu amma bes ya mutu tare da shi, kiɗan ya koma kamar rediyo mai batir biyu. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.

DJ Gambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ɗan'uwa gaskiya ɗaya ce, ka taɓa ganin an cire gishiri daga miya bayan ta dahu? Kai ka buga kiɗan nan da hannunka, zauna ka sake buga shi. Kwana biyu ya ishe ka.

Auwalu Fagge:
Na yi tunanin haka yallaɓai. Fiyano da bes zan iya. Sarewar ce matsalar. Ba ta inji ba ce, wani Bafulatani ne ya busa min ita a situdiyo, na biya shi ya tafi, ko lambarsa ba ni da ita. Kuma ita ce ran kiɗan, ita mutanen suka ji suka ce shi suke so.

DJ Gambo:
To lallai magana ta canza. Allah ya kawo masu sani.

Nura Jos:
Auwalu, bari in fara da dalilin da ya sa ikwalaiza ta ba ka kunya, don kada ka ƙara ɓata lokaci a kanta. Ita ikwalaiza ba ta san ganga ba, ba ta san sarewa ba. Abin da ta sani kawai shi ne kauri da sirantar sauti. Nauyin kik yana zaune tsakanin 50 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), bes ma a nan gidansa yake, har ya hau zuwa wajen 250. Ka yanke ɗaya ka yanke ɗaya. Kuma ko ka yanke ƙasan, kik yana da wani ɗan "tak" a sama, wajen 2,000 zuwa 4,000, inda sandar ke dukan fata, shi zai tsaya yana kallonka. Ita kuwa siniya, ƙaramar gangar nan mai ƙarar "tas", ta fi kowa bazuwa, jikinta a wajen 200, ƙararta ta watsu har sama inda fiyano da sarewa suke. Hai-hat, farantan ƙarfen nan masu "tsss", kaɗai za ka iya ragewa da ikwalaiza, shi ma sai ka haɗa da iskar sarewar, wadda ita ce ke sa a ji mutum ne ya busa. Duka ɗaya na ganga yana taɓa kusan ko'ina a lokaci guda, shi ya sa.

Shamsu:
Akwai wata dabara a manhajar Audacity ta cire abin da ke tsakiya. Da ita muke cire murya da. Ai kik da siniya a tsakiya ake sa su, ko?

Nura Jos:
A tsakiya suke, amma wa kuma ke tsakiyar? Bes. Kuma ina kyautata zaton sarewar ma a tsakiya Auwalu ya ajiye ta tunda ita ce ke jan kiɗan. Dabarar nan abin da take yi shi ne ɗebe kunnen dama daga kunnen hagu, duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu sai ya ɓace. Sarewarsa za ta riga kik tafiya.

Auwalu Fagge:
A tsakiya take kuwa. Na gwada yanzu don in ji da kunnena, sarewar ta ɓace sai amsa-kuwwarta can nesa kamar daga rijiya. Hai-hat da na kwantar a gefe kuwa yana nan daram.

Malam Sabo:
Salamu alaikum yarana. Na daɗe ban yi magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni, don ni ma na yi asarar aiki a zamanin kaset. Auwalu, gangunan nan daga ina ka samo su? Ka jera su ne a kwamfuta ko daga kibod suka fito?

Auwalu Fagge:
Barka da dare Baba. Daga kibod ne, Yamaha PSR, wani sitayil ne, wato jerin kiɗan da kibod ke bugawa da kansa, da na gyara da kaina, bugu 112 a minti. Kibod ɗin yana nan, sitayil ɗin ma yana cikin filashi.

Malam Sabo:
Madalla. To akwai hanyar da muka sani tun kafin a haifi waɗannan manhajoji, zan faɗa maka ita da sharuɗɗanta, don kada ka ce Baba ya yaudare ka.

Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Idan ka samu igiya biyu iri ɗaya sak, ka kifa ɗaya, inda waccan ta hau wannan ta sauka, ka haɗa su, shiru za ka ji. Ba raguwa ba, shiru. Ranar da na fara ganin haka wani tsohon injiniya ne ya nuna min, ya ɗora sauti ɗaya a layi biyu na miksa, ya danna wani ɗan maɓalli mai alamar sifili da aka ja wa layi, lasifika ta yi tsit alhali allurar kowane layi tana rawa. Na leƙa bayan teburin ina duba ko waya ce ta fita. Ya sauke layi ɗaya kaɗan da yatsa, sai sautin ya fara dawowa a hankali. Tun daga ranar na fahimci aikin nan.

Kenan idan ka sake fitar da gangunan nan su kaɗai daga kibod, ka kifa su, ka ɗora a kan kiɗanka daidai wa daida, gangunan ciki za su mutu, sauran su tsaya. Amma kalmar "daidai" ɗin nan ita ce duka maganar. Kwamfuta tana yanka kowane daƙiƙa gida 44,100. Kik igiyarsa doguwa ce, yana yafe maka ɗan kuskure. Hai-hat ba ya yafiya: ka goce da gida biyu kacal, maimakon ya mutu sai ya ƙara ƙarfi. Sannan dole ƙarfin ya zama ɗaya, ikwalaizar da ka sa wa gangunan wancan lokaci ta zama ɗaya, amsa-kuwwar ta zama ɗaya. Ka tuna duk abin da ka sa?

Auwalu Fagge:
Gaskiya Baba ba duka ba. Kuma ta waya na ɗauki kibod ɗin zuwa katin sauti, sannan na sa limita, mai hana sauti wuce iyakar ƙarfi, a kan duka kiɗan da zan fitar.

Malam Sabo:
To ka ga wuraren da za ta ba ka wahala. Agogon kibod daban, agogon katin sauti daban, ko ka daidaita farkon, kafin a kai minti ɗaya sun fara rabuwa. Limita kuma tana danne gangar gwargwadon abin da ke tare da ita a wannan lokacin, ba za ka iya maimaita wannan dannewar ba tunda sauran kayan ba sa hannunka a ware. Ga MP3 a kai, wanda ya riga ya zubar da wani abu daga cikin sautin ya sake fasalin saura. Ka gwada dai, ba za ka yi asarar komai ba sai awa biyu. Ina sa ran kik zai ragu, ba na sa ran sauran.

Hafsat Zariya:
Baba Malam Sabo, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fi wanda aka yi mana a aji. Da izininka zan ƙara abin da ya zo daga baya, don maganar gishiri da miya da DJ Gambo ya yi gaskiya ce har zuwa 'yan shekarun nan, yanzu kuwa ta ɗan sassauta.

A 2018 kamfanin iZotope ya sa wani abu a manhajarsa RX 7 mai suna Music Rebalance, wanda ke ɗaga ko sauke murya, bes da kayan kaɗawa a cikin kiɗan da aka gama. A ƙarshen 2019 kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter kyauta, masu bincike na Facebook kuma suka fitar da Demucs. Daga nan abin ya bazu: Ultimate Vocal Remover, wanda ake kira UVR, kyauta ne kuma yana ɗauke da Demucs a ciki, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta samu nata tun daga sigar 21.2 a 2023. A waya akwai Moises.

Bambancinsu da ikwalaiza shi ne su an horar da su. An ba kwamfuta waƙoƙi a haɗe, an kuma ba ta kowace waƙa a rarrabe, murya daban, ganguna daban, bes daban, sauran kaya daban, ta yi ta kwatantawa har ta koyi kamannin dukan ganga: yadda yake faɗowa farat ɗaya ya mutu da sauri, saɓanin sarewa da ke jan numfashi. Don haka ko kik da bes suna zaune a 60 Hz tare, tana iya hasashen wane kaso ne na wa. Na ce hasashe, don ba tana dawo da ainihin layinka ba ne, ƙiyasi take yi. Wani lokaci ƙiyasin yana kyau har ka yi mamaki.

Yaya Auwalu, ka sauke UVR, ka zaɓi Demucs na huɗu, ka ce masa ganguna kake so ya ware. Zai ba ka fayil biyu, na ganguna da na sauran. Ko kwamfutarka ba ta da katin hoto mai ƙarfi zai yi, sai dai ya ɗauki mintuna.

Malam Sabo:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Na ji labarinsu, ban taɓa sa hannu ba. Ku ci gaba, ina karatu.

Laminu Maraɗi:
Ni ina da magana a nan, ku yi haƙuri in ta yi ɗaci. Waɗannan manhajoji da kuke yabo su sunka kashe mu. Bara na yi wa wani yaro kiɗa, bai gama biyana ba, na tura mai da alamar muryata a kai don ya ji. Bayan sati ukku na ji kiɗana a gidan biki, an cire muryata, an cire gangunana an sa wasu, wani situdiyo ya sa sunansa. Kwana huɗu na yi a kan kiɗan nan. Duk wanda ya koya wa mutane cire ganga a fili kamar haka, ya san ɓarayi ma suna karatu.

Hafsat Zariya:
Allah ya isar maka Malam Laminu, abin da ciwo. Amma Yaya Auwalu kiɗansa ne, guminsa ne. Kuma wanda ya sace naka bai jira wannan zaure ba, abin yana cikin wayar kowa.

Laminu Maraɗi:
Ban ce Auwalu ɓarawo ba ne, na san aikinsa. Ina faɗin abin da ke raina ne. A da in mutum na son kiɗanka sai ya zo ya zauna da kai. Yanzu sai ya danna waya.

DJ Gambo:
Laminu ya yi gaskiya ta wani ɓangare. Mu masu kiɗan biki kullum ana kawo mana irin wannan, kiɗan wani da ganga sabuwa, kuma kana ji ka san ba nasa ba ne, don fiyanon yana wani kurɓi-kurɓi kamar a cikin ruwa. Ni na daina sa su in na gane.

Nura Jos:
Canza ganga ba ya mayar da kiɗan wani ya zama naka, ko a shari'a ko a doka. A Najeriya akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris 2023, akwai hukumar kare haƙƙin mallaka, NCC. Ku a Nijar kuna da irinta, BNDA. Matsalarmu ita ce ba ma rubuta komai tsakaninmu da mawaƙa, sai amana. Laminu, in ainihin aikin yana kwamfutarka layi-layi da kwanan wata, kana da hujjar da wancan ba shi da ita. Shi abin da ke hannunsa gutsure ne.

Laminu Maraɗi:
Yana nan. Na gode, zan yi tunani a kai. Auwalu ka ci gaba, Allah ya ba da sa'a.

Auwalu Fagge:
Amin Malam Laminu, ban ji haushi ba wallahi. Ga rahoto.

Na fara da hanyar Baba. Na ɗauki gangunan daga kibod, na kifa, na zuƙo hoton igiyar har ina ganin ɗigo-ɗigo, na daidaita kik na farko. Daƙiƙa goma na farko kik ya ragu sosai, har gabana ya faɗi don murna. Kafin a kai amshi na farko ya dawo, daga baya ma ya zama biyu-biyu. Yadda Baba ya faɗa haka ya faru.

Sai na koma UVR. Jama'a, kik ya tafi. Siniya ta tafi. Hai-hat ya tafi saura ɗan "tsss" kaɗan. Sarewata tana nan. Na zauna na saurara sau uku ban motsa ba. Amma matsala biyu. Ta farko, a cikin sitayil ɗin akwai kalangun inji da na sa, shi bai fita ba. Rabinsa ya tafi wajen ganguna, rabi ya tsaya a cikin kiɗan yana "gum, gum" ba kai, kamar an toshe masa baki. Ta biyu, kiɗan yana numfashi, duk inda kik yake a da sai sautin ya nutse ya taso.

Isiyaku Mai Kalangu:
Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ne, makaɗi ne, gado na yi. Amma wannan ta kalangu ba ta ba ni mamaki ba. Kalangu ba ganga ba ce kamar sauran da ake duka a wuce. Kana rataye shi a kafaɗa, yana ƙarƙashin hammata, tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu kana matsa su da damtse, murya ta hau, ka saki ta sauka. Duka ɗaya za ka yi ka ja shi daga ƙasa zuwa sama. Da haka yake faɗin sunan mutum da kirarinsa, mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Abin da ke magana, ta yaya inji zai ce ganga ce kawai?

Hafsat Zariya:
Malam Isiyaku ka bugi inda ya dace. Tarin waƙoƙin da aka fi horar da waɗannan manhajoji da shi, MUSDB18, waƙa 150 ne, yawancinsu kiɗan Turawa da gangunansu na kik da siniya da faranti. An ƙara wasu daga baya, amma abin da kwamfutar ta sani da sunan ganga shi ne duka mai faɗowa ya mutu. Kalangu yana da kai, wato dukan, sannan yana da jiki mai murya da ke lanƙwasa. Sai ta ɗauki kan ta kai wa ganguna, jikin kuma ta ce wannan ai bes ne ko wani kayan busa, ta bar shi. Na taɓa gwada ta da kotso da duma, haka ta yi musu.

Yaya Auwalu, maimakon fayil biyu, ka sa ta raba maka gida huɗu, ka saurari kowanne shi kaɗai. Ka duba ina jikin kalangun ya faɗa.

Auwalu Fagge:
Na yi. Kusan dukansa yana cikin bes. Kaɗan ne a cikin "sauran kaya" tare da fiyano da sarewa.

Nura Jos:
Alhamdu lillahi, to ai ka tsira. Jefar da layin bes ɗin gaba ɗaya. Kai ka ce za ka iya sake buga bes, buga sabo mai tsabta. Abin da kake buƙata daga tsohon kiɗan sarewa ce, ita kuma tana can sama. Ka sa matata a layin "sauran kaya" ka yanke ƙasa a hankali kana saurare, har ragowar kalangun ya ɓace kafin ka taɓa jikin sarewar. Yanzu ikwalaiza za ta yi maka aiki, tunda an raba masu faɗan. In ma fiyanon ya yi kurɓi-kurɓin da DJ Gambo ya faɗa, buga sabo a kai ka danne tsohon.

Malam Sabo:
Numfashin da ka ji kuma, limitarka ce. Lokacin da kik ke duka tana danne duka kiɗan, sarewa da fiyano da kowa, sannan ta saki. Da kik yana nan kunne ba ya lura, don shi ya cike gurbin. An cire shi, ramin ya bayyana. Babu manhajar da za ta cike maka, don ba ganga ba ce, tabon ganga ne. Ka bi layin da hannu, duk inda ya nutse ka ɗaga shi kaɗan. Tunda inji ne ya buga, ramukan suna zuwa a kan ƙa'ida: gyara na bugu huɗu ko takwas, ka kwafa zanen ka jera har ƙarshe. Kada ka cika ɗagawa, sabon bes da kalangun gaske za su rufe da yawa.

Amma tsaya. Tun jiya wani abu ke cina. Ka ce bara aka yi wannan kiɗa don biki. Wa ya ɗauki bidiyon bikin? Masu haɗa bidiyo ba sa son MP3, sukan nemi mai nauyi. Ba ka taɓa ba wani a filashi ba?

Auwalu Fagge:
Innalillahi. Baba! Na ba wani mai haɗa bidiyo a Zoo Road, shi ya zo da filashinsa har situdiyo. WAV na ba shi, wanda ba a matse ba kamar MP3. Wallahi na manta sam. Bari gari ya waye.

Shamsu:
Tambaya don Allah, in dai manhajar za ta raba, meye bambancin MP3 da WAV ɗin? Ai kunne ba ya ji.

Hafsat Zariya:
Kunne ba ya ji ne saboda MP3 yana ɓoye ɓarnarsa a bayan sauti mai ƙarfi. Dabararsa kenan: duk abin da ƙarar ganga ta rufe, sai ya rage masa inganci don fayil ya yi ƙarami, a 128 kuma yakan yanke abin da ya haura wajen 16,000 Hz. To kai yanzu ka zo ka ɗauke gangar da ake ɓuya a bayanta. Duk ɓarnar sai ta fito fili, ita ce wannan ƙarar kamar ana wasa da ruwa a kwano. Da WAV babu wannan ɓoyon tun farko.

Wata dabara kuma Yaya Auwalu, in ka samu WAV ɗin: ka gwada ɗaukar layin gangunan da manhajar ta ware, ka kifa shi yadda Baba ya koyar, ka ɗora a kan ainihin kiɗan. Wannan karon za su hau juna daidai, don daga fayil ɗaya suka fito. Wani lokaci sakamakon ya fi wanda manhajar ke bayarwa cika, don babu abin da ya zube a tsakanin layuka. Ka saurari duka biyun ka zaɓa.

Malam Sabo:
Kin ga an haɗa tsohuwar hanya da sabuwa. Wannan ta yi min daɗi.

Auwalu Fagge:
Jama'a barkanmu da yamma. Na samu! Yana cikin wani tsohon faifan ajiyarsa, sai da muka yi awa ɗaya muna buɗe manyan fayil-fayil na bukukuwan mutane kafin muka gan shi. Na sake rabawa da WAV ɗin, bambancin kamar dare da rana, har jan numfashin mai sarewar kafin ya busa ana ji. Dabarar kifawa ta Hafsat ta fi ba ni fiyano mai kauri, amma ta dawo da jikin kalangun inji tunda bes yana ciki, don haka na tsaya a kan raba huɗu. Na buga sabon bes, na ƙara fiyano siriri a kan tsohon, na bi ramukan da hannu. Wuri ɗaya ne ya ƙi, inda siniya ta yi birgima kafin amshi na biyu daidai lokacin da sarewa ta ja dogon sauti, nan sarewar tana karkarwa. Na kwafo irin wannan jan daga amshi na uku inda ba birgima, na liƙa. Ya zauna.

Isiyaku Mai Kalangu:
Masha Allah. To saura nawa ɓangaren, ka isar wa makaɗin ko ka ba shi wannan ya karanta. Ka cire masa duk ganguna, yanzu ba shi da abin da zai riƙe lokaci, inji kuma ba ya jiran kowa. Mu mun saba mu ke jan mawaƙi, in taro ya yi zafi mu ƙara wuta. A nan ba dama. Ka bar masa wani abu siriri, ko kacau-kacau ko tafi, a duk tsawon kiɗan, musamman inda sarewa ke yin shiru. Kuma ka kira shi situdiyo kafin ranar, ya ji kiɗan, ya ɗaure kalangunsa daidai da muryar bes ɗinka. In bai yi haka ba za su riƙa gurnani tare, mutane ba za su ji taken ba. A wurin bikin ma a sa masa lasifika ƙarama kusa da shi tana kallonsa.

Nura Jos:
Ƙari a kan na Malam Isiyaku, sabon bes ɗin kada ka cika masa yawo. Ka bar shi can ƙasa, ka rage masa sama, tsakiyar ta zama ta kalangu.

Auwalu Fagge:
Na kira shi, gobe bayan la'asar zai zo da yaronsa mai ɗan karɓi. Na sa kacau-kacau siriri kamar yadda ka ce Malam Isiyaku. Na kuma fitar da kiɗan iri biyu, ɗaya da kacau-kacau ɗaya babu, ya zaɓa. Layukan duka na fitar da su ɗaya-ɗaya a WAV, kwafi a filashi, kwafi a Google Drive, kwafi a wajen ƙanina.

Laminu Maraɗi:
Auwalu, in kun yi gwajin gobe ka ɗauko muna ko daƙiƙa talatin mu ji yadda sarewar ta zauna da kalangun. Ka turo shi a matsayin fayil, kada ka riƙe maɓallin murya ka ɗauka daga lasifika.

Auwalu Fagge:
In sha Allahu Malam Laminu, kai zan fara tura wa.